Shekarar da Baba Ya Ɗora Dish a Saman Shago

Ranar sunan ɗiyar Aminu na ji ɗaya daga cikinku, ku jikokin Baba, yana nuna wa baƙi tsohon dish ɗin talabijin ɗin nan da ke kwance a bayan rumbu a gidanmu na Dutsin-Ma, wanda ake shanya tumatir da kuɓewa a kansa. Yana cewa kakanku ne ya fara kafa irinsa a duk unguwar, yana faɗa yana ɗaga kafaɗa. Ban ce komai ba a lokacin, don ni tun ina yarinya magana ba ta fito mini a cikin taro. Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Gaskiya ne Baba ne ya fara kafa shi. Sai dai ba wanda ya gaya muku abin da ya sa aka sauke shi tun bai shekara ba, ko abin da ya sa akwai wani wuri a katangar gabas da ƙasarsa ta fi sauran ja. Ni ina wurin, ina aji shida na firamare, kuma mai yawan shiru yana da yawan kallo. Zan rubuta muku yadda abin ya faru.

Wurin nan mai ja a katanga, ƙofa ce a da. Ba ta da marfi, tsohon buhu ne kawai aka rataya. Bayanta gidan Malam Isiyaku tela ne da matarsa Goggo Hajo. Ba danginmu ba ne na jini, amma lokacin da aka haife ni Inna ta yi doguwar jinya, Goggo Hajo ce ta shayar da ni tare da ɗiyarta Mairo. Ta ƙofar nan ake ɗebo garwashi da safe, ta nan gishiri ke fita, daddawa ta shigo. In Inna ta yi mini faɗa, ta nan nake sulalewa in zauna kusa da murhun Goggo ba tare da na ce uffan ba, ita ma ba ta tambayata. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun hantsi take tsakar gida da ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali saboda zafin wuta, tana matse tunkuza tana murza ta a tafin hannu tana jefawa a mai. Tana da wata 'yar waƙa da take yi da hanci, ba ta da baiti. In ƙuli ya karye sai ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

Baba kuwa, Alhaji Lawal, siminti da taki yake sayarwa. A shekarun da aka ba Katsina jiharta gine-gine sun yi yawa, kasuwa ta buɗe masa, ya rushe tsohon shagon da ke jikin zaurenmu ya gina sabo mai rufin kankare, dogo, ya fi duk sorayen layinmu. Ba mugun mutum ba ne, ina so ku riƙe wannan. Yana da kyauta, yana da saurin hawaye. Amma yana son a gani. In ya sayi sabon takalmi sai ya zauna a bakin shago ya miƙe ƙafa.

Wata rana ya dawo daga Kano ko riga bai cire ba ya zauna a tabarmar Inna.

“Zulai, yau na ga Haramin Makka.”

“A Kanon, Alhaji?”

“A Kanon! A falon abokina. Ba hoto ba, ba kaset ba. Mutane na ɗawafi a lokacin da nake kallonsu. Wani faifan ƙarfe ne yake kamo shi daga tauraron ɗan'adam. Na ga daidai inda na tsaya shekarar da na je.”

Inna ba ta taɓa zuwa Makka ba a lokacin. Ta ce, “Allah Ya kai mu,” ta ci gaba da tsince shinkafa. Baba ya ce kafin Allah Ya kai ta, shi zai kawo mata Makka har ɗaki. Ashe tun a can ya ba abokin sautu.

An daɗe ana jira. Duk motar siminti da ta tsaya a ƙofar shago sai yara su zagaye ta. Da dish ɗin ya iso, a gutsuttsure ya zo, yanki-yanki kamar an yanka kabewa, kowane yanki raga ce ta farin ƙarfe, ga dogon bututu, ga waya naɗe kamar igiyar guga, ga wani baƙin akwati da za a ɗora a kan talabijin. Aka baje su a tsakar gidanmu. Goggo Hajo ta ɗaga buhun ƙofa ta leƙo, hannunta duk mai, ta zagaya kayan tana riƙe da haɓa.

“Zulai, in aka haɗa wannan kasko ai ƙulin garin nan duka zai ɗauka. Ki ce wa Alhaji in ya gaji da shi ya ba ni aro.”

Daga ranar sunansa ya zama kasko a unguwar, ni kuma a makaranta na zama ɗiyar mai kasko. Ba zan ɓoye muku ba, sunan ya yi mini daɗi. Yarinyar da malami ke mantawa da ita a aji, sai ga manyan 'yan mata suna matsa mata wuri a benci.

Wanda zai haɗa shi Oga Sunday ne, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin tasha. Mutumin kudu ne, Kirista, ya yi 'yan shekaru a garin, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana isarsa. Ya zagaya gidan da wani ɗan abu kamar agogo a tafin hannu yana duban sama. Ina bayan randa ina kallonsa. Ya ce wa Baba wuri biyu ne za su yi: ko a ƙasa bayan rumbu in an sare reshen bedi guda, ko a saman shago.

“Amma Alhaji, ƙasa ya fi. Wannan ba ya juya kansa. In kana son wani tasha, sai mutum ya juya shi da hannu. In iska ya ture shi, sai mutum ya gyara.”

Baba ya dubi bayan rumbu, ya dubi saman shago.

“A ƙasa wa zai gan shi?” ya ce. “Kai shi sama. Mai zuwa daga hanyar Kurfi ma ya hango.”

Sai na tsaya in bayyana muku wani abu, don ku da kuka tashi a gidajen da aka rufe ko'ina da kwano ba lallai ku san shi ba. A lokacinmu tsakar gida ita ce ɗakin mace na gaskiya. Nan take aiki, nan take tsifar kai, nan take shan iska yadda ta ga dama, makewayi ma katanga ce kawai ba rufi. Abin da ke tsare ta shi ne ba mai kallonta daga sama. Saboda haka namiji ba ya hawa soro ko doguwar bishiya haka kawai. Sai an aiki yaro gida-gida ya ce za a hau. Shi kuma mai hawan ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya, “Za a hau! Za a hau!” ya dakata har mata su kimtsa ko su shige ɗaki. Ba wanda yake jin nauyin wannan, domin a shekara bai wuce lokacin da magina ke gyaran soraye kafin damina ba.

Ranar da aka hau da kaskon Asabar ce, ba makaranta. Baba yana can cikin shago da masu sayen taki, a ganinsa rufin shago ba rufin gida ba ne. Oga Sunday bai san al'adar ba, yayana Sani da ke taya shi kuma ɗoki ya mantar da shi. Da rana ta yi zafi Inna ta ba ni gorar ruwa ta ce in miƙa musu. Na kira Sani daga ƙasa, muryata ba ta kai ba, sai na rataya gorar na hau tsanin da kaina. Da na ɗora ƙafa a kan kankaren na miƙe, na juya gabas.

Gidan Goggo ne gaba ɗaya a ƙarƙashina, kamar an buɗe murfin kwano. Ga turmi, ga tabarmar da aka shanya gyaɗa, ga ƙofar ɗakinta a buɗe har ina hango gefen gado. Ga makewayi, da butar da ke ciki, da dutsen da ake tsayawa a kai. Ga ita kanta a durƙushe gaban murhu, bayanta yana sheƙi da gumi. Na ga wani ɗan fili a tsakiyar kanta inda gashi ya zube, wanda duk zaman da na yi kusa da ita ban taɓa gani ba. Ba abin da ban sani ba a gidan nan, a cikinsa na yi rarrafe. Amma daga sama sai na ji kamar na sa hannu a jakarta. Ƙarar guduma ta sa ta ɗago kai. Ta gan ni, ta fara murmushi, sannan ta ga maza biyu a bayana. Ta dafe kanta da hannu biyu ta ruga ɗaki, ta bar mai a wuta.

Oga Sunday ya juya baya nan take. Ya ce wa Sani, “Kai, me ya sa ba ka faɗa mini ba?” Ya sauka, bai sake hawa ba sai da aka koya masa kiran, ya tsaya a gindin tsani ya yi shi da irin harshensa har yaran layi suna dariya. Inna ta yafa gyale ta bi ta ƙofar buhu ta ba da haƙuri. Ina biye da ita, kaina a ƙasa. Goggo tana kwashe ƙulin da ya ƙone, ta yi dariya.

“Haba Zulai, mi aka yi? Aikin kwana ɗaya ne. Su gama mu ma mu zo mu ga Makka.”

Washegari da la'asar aka kamo hoto. Ni aka sa gaban talabijin in riƙa faɗin abin da na gani, Oga Sunday yana sama yana juya kaskon a hankali. Allon yana ta yayyafin fari da baƙi, sai wani abu ya gifta, in ce, “Ya fito,” ba wanda ya ji ni. Inna ce ta tsaya a ƙofa tana ɗaga maganata, Sani ya karɓa a tsakar gida ya jefa sama. “Ya fito! Ya tafi! Koma baya kaɗan!” Can sai yayyafin ya washe. Ga ɗakin Allah, ga mutane fari fat suna zagaye shi. Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Goggo Hajo ta shigo da mayafinta, ta durƙusa gaban akwatin tana salati, hawaye yana bin kumatunta. Ta ce wa Inna Allah Ya saka wa Alhaji da alheri. Baba yana daga waje yana ji, yana gyara zaman hula. Na rubuta wannan don ku san ranar farin ciki ce ta gaske, ga kowa.

Amma ba aikin kwana ɗaya ba ne. Makka tana gefe guda a sama, ƙwallo da kokawar Turawa suna wani gefen. Baba yana son ya tarar da Harami in ya dawo masallaci, Sani da abokansa da yaran shago suna son nasu in ya fita. Kowane sauyi sai an hau da sufana. Da hadari ya fara tasowa kuma, iska ta riƙa kautar da kaskon, sai a sake hawa. Da farko ana aika yaro, ana kira, ana dakatawa. Daga baya aka daina aika yaro. Daga baya kiran ya koma abin da ake yi ana tsakiyar tsani. Har ya zama mutum yana tsaye a sama yake cewa za a hau, yana dariya. Wasu samarin ma na lura ba sa saurin saukowa.

Mai soya ƙuli ba ta barin kaskon suyarta. In ta tashi ta shige ɗaki, kafin mai hawa ya gama ya sauka, abin da ke cikin mai ya zama gawayi. Na sha shiga in tarar da Goggo tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, daga ciki, tana kallon aikinta yana hayaƙi. Da asarar ta ishe ta sai ta koma aiki da riga da ɗankwali, mayafi a rataye a kan turmi kusa da hannunta. In ta ji kira ta fizgo shi ta lulluɓa, ta ci gaba da suya a haka, a gaban wuta, cikin zafin nan na kafin ruwa ya sauka. Waƙar hancin ta daina. Wanka kuwa sai ta aiki Mairo ta leƙa ta ga ba kowa a sama. Ba ta taɓa faɗa wa Inna kalma ɗaya ba. Mairo ce ta faɗa, a hanyar makaranta, ba tare da ta dube ni ba.

“Saude, ku kuna kallon talabijin, mu kuma ana kallonmu.”

Muka yi tafiyar har makaranta ina kallon yatsun ƙafata. Ranar da aka kira ni ɗiyar mai kasko sai na ji kamar an ambaci wani ciwo da nake ɓoyewa.

Inna ta yi wa Baba magana yana cin tuwo.

“Alhaji, hawan nan ya yi yawa. Hajo ba ta da sakewa a gidanta.”

“Ba ana kira ba?”

“Ana kira, amma...”

“To mi ya rage? Daga can mi za a gani? Kan katanga da hayaƙi.”

Baba bai taɓa hawa ba. Yana da ciwon gwiwa, kuma ko a kan buhunan siminti ba ya son tsayawa. Abinsa da ya saya, daga ƙasa kawai ya san shi, daga inda yake da kyau. Inna ta juyo gare ni ta ce, “Saude ta hau. Faɗa wa babanki abin da kika gani.” Na durƙusa. Ta yaya yarinya za ta ce wa mahaifinta ta ga makewayin maƙwabta? Na tattaro duk ƙarfina na ce, “Baba, ana ganin komai.” Ya ce in ɗaga murya. Na maimaita. Ya yi dariya ya shafa kaina.

“Idon yara kenan. Komai babba ne a wurinsu.”

Abin ya faru wata Laraba bayan mun taso makaranta. Wani abokin Sani ya hau, sai da ya kai sama ya yi kiran. Goggo tana tsugune, ta fizgo mayafi da sauri ta wurga shi a kanta, gefensa ya faɗa cikin mai ya taɓo wuta. Ihun Mairo muka ji. Inna ta yage buhun ƙofa ta shiga da tulun ruwa, ni ina bayanta. Kafin a kashe, hannun Goggo na dama ya ƙone daga wuyan hannu har gwiwa. Abin da ba na mantawa shi ne, tana zaune a ƙasa hannunta a ƙone, amma da ɗaya hannun tana jawo ragowar mayafin tana rufe kanta, tana duban saman shagonmu.

Baba ya ba da mota aka kai ta asibiti, ya hana Sani da abokansa hawa na 'yan kwanaki. Amma kaskon yana nan, iska kuma ba ta daina ba. Bayan an sallamo ta, Malam Isiyaku ya zo zaurenmu da hantsi. Mutum ne siriri mai magana ƙasa-ƙasa, kullum da zare maƙale a rigarsa. Akwai baƙi biyu a wurin Baba, 'yan kwangila. Ni na kawo ruwa, na tsaya a bayan ƙyaure.

“Alhaji, na zo da roƙo ɗaya.”

“Malam, kafin ka faɗa, na riga na yi tunani. Zan ba da kwano da katako a rufe mata tsakar gidan gaba ɗaya. Ba sai ka kawo komai ba.”

Malam Isiyaku ya girgiza kai.

“A ina za ta shanya gyaɗa, Alhaji? Hayaƙin ya bi ta ina?” Ya gyara zama. “Ni ba kwano na zo nema ba. Ka taɓa hawa?”

“Ni da wannan gwiwa?”

“Ka hau sau ɗaya ka duba. Shi kenan roƙona. In ka duba ka ce ba komai, ba zan ƙara magana ba.”

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi 'yar dariya. Na ga kunnen Baba ya motsa, yadda yake yi in ransa ya ɓaci. Da su biyu ne kaɗai, ina jin da amsar ta bambanta.

“Malam,” ya ce, “rufin nan dai nawa ne.”

“Naka ne, Alhaji,” in ji Malam Isiyaku. Ya ɗauki takalmansa ya fita, bai sha ruwan ba.

Washegari muka ji ana kwaɓa ƙasa a bayan katanga. Malam Isiyaku da kansa, mutumin da hannunsa bai san komai ba sai almakashi, yana jera tubali a ƙofar buhu. Inna ta zauna a kan turmi tana kallo, ba ta ce a bari ba. Da ginin ya kai ƙirji sai ta tashi da sauri ta shiga madafa, ta fito da rariyar Goggo da ta ara tun kafin azumi, ta miƙa ta saman tubalin. Hannun da ya karɓa a naɗe yake da farin ƙyalle. Ni na shige bayan randa, na zauna har aka kira azahar.

Da aka yi kaka suka tashi. Goggo 'yar Kurfi ce, yayanta ya ba su wani sashe a gidansa, Malam Isiyaku ya ce ɗinki ko'ina ana yi. Na tsaya a zaure ina leƙe aka ɗora keken ɗinki a bayan akori-kura, aka ɗora turmi, aka ɗora kaskon suya a kife. Mairo ta zauna a kan buhun gyaɗa. Da motar ta tashi ta ɗaga mini hannu kaɗan, iya kafaɗa. Mutanen layi ba wanda ya ce wa Baba komai. Sai dai masu zuwa kallon Harami suka ragu, tsofaffin da ke zama a bencin shago suka koma gindin wata bishiya can gaba. Inna ta daina shiga ɗakin talabijin. In Baba ya ce, “Zulai, zo ga Makka,” sai ta ce tana da aiki.

Wata Juma'a da safe ina shara na ga Baba ya fito ba babbar riga, ya tsaya a gindin tsani. Ya kira Sani ya ce ya riƙe masa. Ya ɗora hannu a kan matakin farko, sai ya tsaya. Ya ɗaga kai ya fuskanci katangar gabas, ya buɗe murya yadda ban taɓa jin ya yi ba.

“Za a hau! Za a hau!”

Sani ya ce, “Baba, ai ba kowa a gidan.”

Bai kula shi ba. Ya dakata, irin dakatawar da ake yi don mata su kimtsa. Ba abin da ya amsa sai kurciya. Sannan ya hau, mataki ɗaya ya huta, mataki ɗaya ya huta, tsanin yana rawa. Da ya kai sama bai ko dubi kaskon ba. Ya juya gabas ya tsaya. Daga inda nake ina ganin bayansa kawai. Ya daɗe a haka. Can na ga ya cire hula ya riƙe ta a hannu, sannan ya zauna a kan kankaren. Da ya sauko bai dubi kowa ba, sai ni. Sannan ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar da kai, don kunyar da na gani a fuskarsa ta fi ƙarfin idona.

Kafin a tafi masallaci ya aika aka kira Oga Sunday. Aka sauke kaskon. Oga Sunday ya ce zai iya kafa shi a bayan rumbu, inda ya faɗa tun farko, hoto zai fito garau. Baba ya ce a ajiye shi a wurin dai, amma kada a haɗa waya.

Ranar kasuwar Kurfi ya ce in shirya in raka shi. Na san dalili: shi ba zai shiga cikin gida ba, ana bukatar mai kai magana. Malam Isiyaku ya tarbe mu a zaure, ya shimfiɗa tabarma, aka gaisa kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Baba ya yi ta juya hularsa, sannan ya ce ya zo neman gafara, kuma in za su koma, shi zai rushe tubalin da hannunsa.

“Alhaji, ni ba ni aka hau wa ba,” in ji Malam Isiyaku. “Mai abin tana ciki.”

Baba ya dube ni. Na tashi na shiga.

Tana tsakar gida gaban murhu, da ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali, tana waƙar hancinta. Ba wani dogon gini a kusa, sai sama kawai da reshen tsamiya. Tabon hannunta ya yi fari-fari, yana sheƙi. Ta rungume ni da warin man gyaɗa, Mairo ta kawo mini kujera. Na faɗi saƙon Baba ina kallon ƙasa, kalma-kalma, yadda ya faɗa. Ta juya ƙulin da ke cikin mai kafin ta amsa.

“Ki ce mishi na yafe, duniya da lahira. Komawa kau, a'a. Na saba da nan.” Ta ɗago kai ta dube ni. “Ya hau?”

“Ya hau, Goggo.”

“Da gwiwar tasa?”

“Da ita.”

“Ya yi kira kafin ya hau?”

Na ce ya yi. Na ce ya yi da ƙarfi, har ya dakata.

“Gidan ba kowa?”

“Ba kowa, Goggo.”

Ta fara dariya, ta yi ta yi har ta dafa turmi, sannan na ga dariyar ta zama wani abu dabam. Ta share ido da bayan hannun mai tabon. Ta tsamo ƙuli mai zafi ta ƙulle a leda ta ce in kai wa Inna. Wani ya karye, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

Ba su dawo ba. Wasu mutane suka sayi gidan, mutanen kirki, amma ba mu taɓa ɗebo wuta a wurinsu ba, ƙofar kuma ba a sake buɗe ta ba. Inna ta je Makka da ƙafarta bayan wasu shekaru, Baba bai ƙara sa talabijin a ransa ba har ya rasu. Shi ya hana a shafe jan wurin nan na katanga duk lokacin da aka yi wa gidan yaɓe. Ku ci gaba da shanya tumatir ɗinku a kan kaskon, ya fi amfani a haka. Amma in baƙo ya tambaye ku labarinsa, kada ku tsaya a kan cewa kakanku ne ya fara ɗora shi. Ku kai baƙon gaban katangar gabas, ku gaya masa sunan Goggo Hajo.